Baƙin Ƙyalle a Motar Walida

Ku yaran nan da kuke wucewa ta gaban rumfata a Gyadi-Gyadi, in kun ga tsohuwa tana taka keken ɗinki sai ku ce ai ɗinkin kujerar mota ba wani abu ba ne, riga ce ake sa wa kujera. Na ji ku da kunnena. To ku samu wuri ku zauna. Ni ce Dije mai kushin. Ban shiga aji ba, amma duk direban da ya tsufa a tsakanin Tarauni da Hotoro, ku tambaye shi a kan ɗinkin wa ya zauna.

Aikina na farko ba ɗinki ba ne, farka ce. Marigayi maigidana Malam Garba shi ne mai sana'ar. Ina amarya zai shigo mini da tsohuwar rigar kujera cikin gida, duk baƙin mai da gumin mutane, ya ajiye mini reza ya ce, "Dije, farke wannan, kada ki yanki fatar." Haka na yi ta yi har na haifi 'yar fari, bai bar ni na taɓa allura ba. Ina farkewa ina mita. Ashe karatun ke nan. Mai farka shi ne yake ganin inda mai ɗinkin farko ya fara, inda ya ja, inda ya saki, inda ya yi ha'inci ya ɓoye. Har yau in kun miƙo mini kujera, kafin in sa almakashi sai na bi ɗinkinta da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa, in san wanda ya riga ni.

Da idon Malam ya fara rauni, sai ya zamana shi yake karɓar aiki a zaure, ni nake ɗinkawa a ciki. Direbobi suna ta yabon hannunsa, shi kuma yana dariya yana cewa a gode wa Allah. Ranar da wani ya matsa sai ya ga yadda ake yi, Malam ya ɗaga murya ya ce, "Mai hannun tana ciki tana tuƙa tuwo, sai ka jira." Daga nan aka sani. Bayan rasuwarsa na sa aka fasa ƙofar zauren ta kalli titi, aka yi mini rumfa, na fito da keken. Masu magana sun yi sun gaji.

Keken nan da kuke gani ba irin na telan kaya ba ne. Ku sa masa atamfa ya cinye ta. Na fata ne, allurarsa kauri gare ta, zarensa in kun ja da hannu sai ya yanke ku bai tsinke ba. Ga basilla mai lanƙwasa ta shiga lungun da keke ba ya kaiwa. Ga alli na zana, ga filaya ta ɗaure rigar a jikin ƙarfe, ga gam, ga soso iri-iri. Soson mazauni daban, na jingina daban. Ku sa mai laushi a mazauni, mai mota zai yi murna ranar farko, kafin salla ta zagayo yana zaune a kan ƙarfe yana zaginku. Ita kuma fata tana da gefen da take miƙewa da gefen da ba ta miƙewa. Wanda ya yanka bai duba ba, da zafin bazara ya sauka sai kujerar ta tattare kamar fuskata.

Wata tsohuwar tasi ce ta haɗa ni da Bala. Lokacin saurayi ne siriri, ya shigo daga ƙauye yana jan motar wani, kujerar bayan ta yage har fasinja suna ƙin shiga. Na ɗinke masa. Da ya zo karɓa sai ya sa yatsu biyu a bakin ɗinkin ya ja da iya ƙarfinsa, sannan ya juya ya faɗa kan kujerar gaba ɗaya. Na ce, "Kai yaro, kokawa ka zo yi?" Ya ce, "Inna, fasinjojina ba su da tausayi, gara in riga su." Ɗinkin bai motsa ba. Ni layi biyu nake yi, in koma in ɗaure bakin da hannu. Abin da aka san ni da shi ke nan: fata ta mutu, soso ya narke, ɗinkin Dije yana nan. Bala ya sayi tasa motar, ya sayi bas, ya bar tuƙi ya shiga kasuwar kayan gini, ya zama Alhaji Bala mai gida a Hotoro. Kowace mota ya saya sai ta kwana a rumfata, kuma ko yaushe sai ya sa yatsun nan biyu ya ja.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce wadda man fetur ya yi tsadar da mutane suka jingine motocinsu a gida. Motar da ba a hawa kujerarta ba ta yagewa. Ga kuma rigunan kujera ɗinkakku na waje sun cika kasuwa, yaro yana yawo da su a kafaɗa a bakin danja. Keken nan har gizo-gizo ya yi masa saƙa. 'Yan adaidaita ne suka riƙe mu, da facin rumfa da kujerar baya, sai kujerun masu aski. Maƙwabcina Sunday mai gyaran wayoyin mota, wanda iyayensa suka zo daga kudu aka haife shi a nan, shi ma zaman banza yake. Ni da shi muka riƙa raba ƙosai da safe muna kallon titi. Shi ne ya fara ce mini, "Mama, motocin da ba sa shan mai suna zuwa, caji ake musu kamar waya." Na ce ya bar ni da tatsuniya. Shi kuwa ya tafi ya koyo aikinsu.

Aikin da nake so in ba ku labari ya zo ne da rigima. Wata safiya Alhaji Bala ya sauka a gaban rumfa da 'yarsa Walida, wadda na sani tun ana goya ta. Ta zama likitar dabbobi, an sa ranar aurenta da wani abokin aikinta, za su zauna a Haɗeja. Alhaji ya yi niyyar ba ta mota mai lantarki ta alfarma, amma tun a gida suke musu, suka ƙaraso da shi wurina.

"Inna, ki raba mu," in ji Walida. Ta zauna a benci ta nuna mini hotuna a wayarta. "Motar ɗaya ce, amma hawa uku ake sayar da ita. Ƙaramar ta fi araha, batirinta ƙarami, ta cikin gari ce. Ta tsakiya batirinta babba, injinta ɗaya, ita ta fi kowacce nisan tafiya. Babbar injinta biyu, manyan tayoyi, rufin gilashi, kujerun fata har da masu danna wa mutum baya."

Na ce, "To ai babbar ta fi."

"Kin ji ko," in ji Alhaji.

"Ta fi ƙarfi, ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma ta fi saurin shanye wuta. Inji biyu ci biyu ne, Inna, ga nauyin tayoyin, ga rana ta rufin gilashi, esi mai sanyaya mota ba zai huta ba. Inda za mu zauna wuta ba ta tsayawa. Ina so in cika ta a gidan Abba, in je Haɗeja, in yi zirga-zirgata, ranar da na so ganin Umma in taso in zo. Ta tsakiya za ta yi. Babbar za ta kai ni, ba za ta dawo da ni ba sai na zauna jiran wuta. A ƙara kuɗi mai yawa don a rage mini hanya?"

Alhaji ya gyara babbar rigarsa. "Hajiya Dije, ke kin san matan biki. Ba batir za su leƙa ba, kujera za su leƙa. Ta tsakiyar baƙar leda ce shafal, kamar kujerar jiran asibiti. Dangin ango su ce Bala ya tsaya a tsakiya?"

Na ce, "Da can a tuƙin tasi ka tsaya, ba wanda ya mutu."

Ya yi dariya har da tari, amma bai sauka ba. Sai ya ce ai ban hau babbar ba shi ya sa. Ya kira dillalin a waya, kafin azahar ga mota a gaban rumfata, ta tsaya ban ji zuwanta ba. Aka sa ni a gaba aka ɗaure ni da bel. Da muka fita babban titi ta bayan Hotoro, Alhaji ya ce in riƙe ɗankwalina, ya taka. Yara, ban san inda cikina ya tafi ba. Bayana ya manne da kujera, bishiyoyi suka zama kore ɗaya, kuma ba ƙara ko kaɗan. Na yi salati, sannan na ce ya ƙara. Gaskiya ɗaya ce, in da iyakata Tarauni zuwa Hotoro ne kuma kuɗin ba nawa ba, babbar zan ɗauka. Amma ina zaune ina shafa fatar kujerar, ina bin ɗinkin da yatsa. Da muka dawo na ce masa, "Gudun ba zan iya ɗinka maka ba. Kujerar kuwa zan yi wadda ta fi ta."

Ya dube ni ya dubi 'yarsa. "To. Zan sayi ta tsakiya in kawo miki. In na zauna na ja na ji ba ta kai ba, ta zama motar cefanen gida, in sayo wa Walida babbar, ko ta so ko ba ta so."

Walida ta tashi ta bi shi zuwa mota. Da za su tafi ta dawo kamar ta manta jaka, ta ce a hankali, "Inna, hanyata ta gida tana hannunki."

Fatar saniya na sa aka nemo mini, mai launin madara, don farar kujera ba ta ɗaukar zafi kamar baƙa, kuma Walida ta ce duk abin da zai rage wa esi aiki ƙarin tafiya ne. Na aika wurin dukawa a cikin birni aka kawo jar fatar akuya ta yin baki. Sunday ne ya kwance kujerun, don ƙarƙashinsu wayoyi ne kamar taliya, ya ce kada in taɓa ko ɗaya. Na ɗauki kujerar direba na fara binta da yatsa yadda na saba. Ko'ina ɗinkin kamfani lafiya lau, sai da na zo gefen jingina, wajen ƙofa. Layi ɗaya ne tak, zaren siriri kamar na ɗinkin hula.

Na ƙwala wa Sunday kira. "Zo ka ga ha'incin masu kuɗi. Motar alfarma, sun yi rowar zare. Nan zan fara gyarawa."

Ya leƙa, ya riƙe mini hannu. "Mama, ajiye rezar nan tukuna."

Ya ɗaga gefen soson ya nuna mini wani ƙunshi a naɗe a ciki. Ya ce jakar iska ce. In aka bugi motar ta gefe, sai ta kumbura ta faso ta wannan ɗinkin ta tare haƙarƙarin mai zama. Zaren da gangan aka sa shi siriri, an auna shi ne don ya tsinke.

Na ce, "Ɗinki don ya tsinke?"

"Don ya tsinke, Mama. In kika yi masa layinki biyu, jakar ba za ta samu hanya ba. Ɗinkinki zai tsira, Walida ce ba za ta tsira ba."

"To in sa siririn zare nawa."

"Kin san wanda zai tsinke daidai lokacin? Ni ban sani ba. Su da na'ura suke aunawa."

Na ajiye rezar. Ga abu biyu a gabana. In na rufe gefen da ɗinkina, na toshe abin da zai kare yarinya. In na yi na ganganci mai rauni, Alhaji zai sa yatsunsa biyu ya ɓarke shi a gaban mutane, motar ta tafi cefane, sunana ya bi ta. Sunday ya ce ko a bar kujerun gaba yadda suke a yi na baya kawai. Na ce ya taɓa ganin amarya da lalle a ƙafa ɗaya?

Kujerar ta yi kwanaki a gabana ina kallonta ina facin adaidaita. Abin da ya warware mini shi ne tsohon karatun Malam Garba, wato farka. Na ga ɗinkin nan yana tsakiyar wani dogon baƙin ƙyalle ne da ya sauko daga kafaɗar kujera zuwa ƙugu, kuma ƙyallen yana da nasa bakin dama da hagu inda ya haɗu da sauran rigar. Sai na ɗauki reza na farke waɗancan bakunan a hankali, na fitar da ƙyallen ɗungurungum da siririn ɗinkinsa a tsakiya, ko zare ɗaya ban taɓa ba. Na yanka farar fatata na haɗa ta da shi ta gefe da gefe, inda kamfani ya haɗa tasa ledar, na bi mahaɗin da jar fatar akuya. Sunday ya duba ya sake dubawa, ya kira wanda ya koya masa aikin ya nuna masa ta waya, aka ce hanyar jakar a buɗe take.

Sai dai kujera fara da baƙin ƙyalle a gefe ɗaya kamar faci take. Don haka daga ledar da na cire na yanko irinsa na sa a ɗaya gefen. Kujerar mai zaman banza ma haka na yi mata, na bar mata nata ƙyallen na kamfani a wajen ƙofa. Na bi kujerun baya da matashin kai da jikin ƙofofi, ko'ina baƙin layi tsakanin ja biyu a kan fari. Abin da ya zo mini dole sai ya koma ado.

Ranar da Alhaji ya zo gani, har makanikan layinmu sun taru. Walida tana tsaye a baya tana murza bakin mayafi. Ya buɗe ƙofa, ƙanshin sabuwar fata ya fito. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya faɗa kan kujerar kamar yadda ya saba, ya yi lilo, ya miƙe. Ya sa yatsu biyu a mazauni ya ja. Ya ja a kafaɗa. Ya ja jan bakin. Da hannunsa ya nufi tsakiyar baƙin ƙyallen wajen ƙofa, na buge shi da allin hannuna.

"Nan ba a ja."

"Hajiya, yau kuma? Tun ina tasi nake jan ɗinkinki."

"Wannan ba nawa ba ne. Ƙofar da aka bar wa abin da zai tare 'yarka ce in Allah ya kawo tsautsayi, Allah ya kiyaye. An yi shi don ya buɗe. Ka ja ko'ina har yatsunka su gaji, ban da nan."

Sunday ya yi masa bayani. Alhaji ya janye hannunsa ya sa a aljihu kamar yaron da aka kama a tukunyar nama. Ya zagaya motar, ya leƙa baya, ya shafa ƙofa.

"Babbar ma tana da baƙin layin nan?"

"Ba ta da shi, Abba," in ji Walida.

"To wa yake da irin wannan a Kano?"

Na ce, "'Yar Bala direba."

Ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa mata, ya ce da makanikan, "Ku matsa mana, kuna hura wa fatar numfashi."

Da ni aka kai amarya. Walida ta rantse ba za ta shiga ba sai ina ciki. Ƙanin ango yana tuƙi, ni a gaba, amarya a baya tsakanin gwaggonninta biyu, kowacce ta cika kujera, but ɗin baya cike da kaya. Motar ba ta da ƙara, don haka guɗar gwaggo ɗaya tun daga Gezawa ake jinta a sauran motocin. Ɗayar kuma duk bayan ɗan lokaci sai ta taɓo direba ta ce, "Ɗan nan, wutar ba ta ƙare ba dai?" Shi kuma ya nuna mata allon gaba. A Ringim sauran motocin suka tsaya shan mai, mu muka jira su a inuwa muna cin rake, na hana kowa tofar da ɓawo a ciki. Da muka isa, matan dangin ango suka yi wa motar zobe. Kamar yadda Alhaji ya faɗa, ba wadda ta tambayi batir. Wata ta shafa kujera ta ce ai da gani wannan ita ce ta ƙarshen tsada, daga waje aka yo odarta. Na gyara zaman mayafina na ce mata daga Gyadi-Gyadi ne, kusa da mai ƙosai.

Tun daga nan masu irin motocin suka gane hanya. Wanda tafiyarsa nisa ce ya sayi ta tsakiya ya kawo mini in yi mata sutura. Mai son gudu ya sayi babbar, ya zo in ɗinka masa labulen rufin gilashi don rana ta ishe shi. Alhaji ma daga baya babbar ya saya wa kansa, yana yawo da ita tsakanin Hotoro da kasuwa, kuma in ya ga dama yakan tsaya ya ɗauke ni mu taka.

Walida kuwa takan zo gida duk sanda ta so. Ba na jin tsayawarta, sai dai in ɗago in gan ta a bakin rumfa da ledar kifin Haɗeja. Yanzu har da ɗanta a baya, ya riga ya zubar mini da kunu a farar fata.

Saboda haka ke yarinyar nan da kika ce kina son koyo, ga reza, ga waccan tsohuwar kujerar. Ba za ki taɓa allura bana ba. Ki bi ta da yatsa tukuna, in kin zo inda zaren ya yi siriri, ki ajiye rezar ki kira ni.